Kirarin da aka sassaƙa a dutse: kayan tarihin Assuriyawa da hannuwan da suka bi ta kansu

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karatun sira ya san labarin Addasu, bawan nan Kirista da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a wata gona bayan mutanen Ɗa'ifa sun jefe shi. Da aka tambaye shi garinsu sai ya ce Nainawa, Annabi kuwa ya ce ai garin mutumin kirki ne, Yunusa ɗan Matta. A ranar da aka yi wannan magana, birnin sarakunan Nainawa ya fi shekara 1,200 da faɗuwa. Sunan yana nan a bakin mutane, amma fadojin sun zama tudun ƙasa a gabashin kogin Dijla, daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi a yau, makiyaya na kiwo a kai ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Abin da ke ƙarƙashin shi ne ragowar daular Assuriya, wadda tsakanin ƙarni na 9 da na 7 kafin miladiyya ta shimfiɗa mulkinta daga yammacin Iran har Masar. Ta yi manyan birane huɗu: Ashur, tushen gidan; Kalhu, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa sunan Namarudu shi ya sa yau ake ce mata Nimrud; Dur-Sharrukin, wato Khorsabad; sai Nainawa. Sarkin da ya ji ƙarfinsa ya kawo yakan tashi ya gina sabuwar fada, wani lokaci ma sabon birni ɗungurungum, ya lulluɓe bangonta da labarin kansa.

Kafin a fahimci yadda waɗannan kayayyaki suka kai zamaninmu, sai an fahimci irin ginin. Da tubalin laka suka yi fadojin, aka rufa da azarar itacen al'ul da ake jawowa daga duwatsun Labanan. A ƙasan bango kuma, daga daɓe zuwa sama da tsayin mutum, sai su jera faffaɗan allunan wani farin dutse mai laushi da ake kira marmarar Mosul, a sassaƙa hotuna a kai, a shafa launi: ja, baƙi, shuɗi, fari. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ba ya bukatar dogon bayani kan abin da ke faruwa idan rufi ya tafi kuma aka daina yaɓe. Damina kaɗan, saman bangon ya narke ya zubo cikin ɗaki, ya binne ƙasan. Haka kufai ke zama tudu. Wannan zubowar ita ta rufe sassaƙen ta raba shi da ruwan sama, domin dutsen irin wanda ruwa ke cinyewa ne. Wato rushewar ginin ce ta adana adonsa.

To me aka sassaƙa? Ni dai in aka ce in faɗa da kalma ɗaya, kirari zan ce. A fadar Ashurnasirfal na Biyu da ke Kalhu, wanda ya yi sarauta daga 883 zuwa 859 kafin miladiyya, akwai wani rubutu da aka maimaita a kan allo bayan allo, ya ratsa ta tsakiyar hoton, ta kan riga da fuka-fukan halittun da aka zana: sarki mai girma, sarki mai ƙarfi, sarkin duniya, sarkin Assuriya, sai jerin ƙasashen da ya ci. Aikin sanƙira ke nan, bambancin kawai wannan sanƙiran muryarsa ba ta dushewa. Jakadan da ya kawo gaisuwa daga wata ƙaramar masarauta zai tsaya jiran iso a tsakanin waɗannan bangaye, ko bai iya karatu ba idonsa zai karanta masa abin da ke samun wanda ya ƙi biyan haraji. Sarkin nan ya bar wani dutse da ke cewa ranar buɗe fadar ya ciyar da baƙi 69,574 har kwana goma. Ko an yi ƙari a lissafin ko ba a yi ba, manufar a fili take.

A bakin ƙofofi kuma sai lamassu, wanda ya zama tambarin Assuriya a idon duniya: jikin bijimi ko na zaki, fuka-fukan gaggafa, kan mutum mai gemu a kitse, da hula mai ƙahoni. Na Kalhu da na Khorsabad ƙafa biyar gare su, kuma ba kuskure ba ne. In ka tunkaro shi ta gaba za ka ga ƙafa biyu a tsaye cik, yana gadi. In ka shiga ƙofar kana wucewa ta gefensa sai ka ga huɗu, yana tafiya tare da kai. Masassaƙin ya yi lissafin inda mai kallo zai tsaya. Wanda aka tono a Khorsabad a 1929 aka kai Shikago nauyinsa ya kai tan 40, kuma a bangon fadar sarki Sennakerib da ke Nainawa an nuna yadda ake jan irinsa daga mahaƙar dutse: a ɗora a kan katako, fursunonin yaƙi layi-layi suna jan igiya, masu sanda na binsu, sarki na tsaye a keken da bayi ke ja yana kallo.

Aikin lamassu tsari ne, kamar layar da ake ratayawa a ƙofa. Ba shi kaɗai ba ma. A wata ƙofa ta fadar sarki Ashurbanifal a Nainawa an sami 'yan karnuka biyar na yumɓu, kowanne bai fi tafin hannu ba, an ɓoye su don korar sharri, an rubuta wa kowanne sunansa a jiki. Sunan ɗaya daga ciki: “Kada ka tsaya tunani, ciji.” Daular da ta girgiza duniya ke nan, tana kwana da tsoron abin da zai shigo ta ƙofa da dare.

Hotunan yaƙi su ne suka fi yawa, kuma ba a ɓoye komai ba. A shekarar 701 kafin miladiyya Sennakerib ya kewaye garin Lakish na ƙasar Yahuza, ya kuma sa aka cika ɗaki guda da labarin. Ana ganin gangaren ƙasa da sojoji suka tara har jikin ganuwa, da motar katako mai tunkuɗe bango, wani soja a cikinta yana kwarara ruwa da dogon ludayi don kada wutar da ake jefowa daga sama ta kama ta. Can gefe mata da yara sun fito da ƙunshin kaya a kafaɗa, an ɗora wasu a keken shanu za a kai su wata ƙasa, ga wasu maza an tsire su a kan itace. Da masu haƙa suka tona Lakish ɗin kanta a ƙarni na 20, sun tarar da gangaren nan da ɗaruruwan kawunan kibau. Kirari ne, amma kirarin da ke da gaskiya a cikinsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. Ashurbanifal na kishingiɗe a gado cikin lambu, ƙarƙashin inabi, sarauniyarsa na zaune a kujera, kowa riƙe da ƙoƙon sha, bayi na fifita, ana kaɗa molo, tsuntsaye a kan reshe. Sai ka bi bishiyoyin da ido zuwa hagu ka ga wani abu na reto a jikin ɗaya. Kan Te'umman ne, sarkin Elam ta kudu maso yammacin Iran, da aka sare a yaƙin 653. Haka suka ɗauki hutawa: shan inuwa bai cika ba sai kan maƙiyi na rataye inda za a riƙa ganinsa.

Sai farautar zaki, wadda kusan kowa ya yarda ita ce ƙololuwar gwanintarsu, an sassaƙa ta wajen 645 zuwa 635. Ba farautar daji ba ce. Zakunan a keji aka kawo su, wani ɗan ƙaramin mutum na zaune cikin nasa akurkin a saman kejin yana ɗaga ƙyaure, sojoji sun kewaye fili da garkuwa da manyan karnuka, 'yan kallo na rige-rigen hawa tudu. Fuskar sarki ba ta motsi, gemunsa ko gashi ɗaya bai kauce ba. Amma dubi zakanyar da kibau suka shiga bayanta: ƙafafun baya sun mutu tana jan su a ƙasa, na gaba sun kafe, ta ɗaga kai tana ruri. An ba masassaƙin aikin yabon sarki, ya yi, sai dai duk wanda ya tsaya gaban allon zakanyar yake kallo. Ba a sa sunan mai wannan hannu a ko'ina ba, sunan sarki kawai ke jikin dutse.

Akwai wani abin da ake yawan tsallakewa idan ana kukan an kwashe kayan Assuriya. Su kansu Assuriyawa gwanayen kwasa ne. Dubban sassaƙen hauren giwa da aka samu a Nimrud, waɗanda da ado ne a jikin gadaje da kujeru, yawancinsu aikin masu sana'ar Finikiya, wato gaɓar tekun Labanan, da Siriya ne, sun zo a matsayin ganima ko haraji aka jibge a rumbunan fada. Sarki Esarhaddon ya ci birnin Memfis na Masar a 671, ya kori Fir'auna Taharka, mutumin Kush wanda dalarsa ke Nuri a Sudan ta yau, ya kwashe iyalinsa da dukiyarsa. Ɗansa Ashurbanifal ya washe Tibis ta kudancin Masar a 663. Ko shahararren ɗakin karatunsa, mai alluna da gutsattsari wajen 30,000, wani ɓangarensa daga haikalai da gidajen malaman Babila aka tattaro shi da umarnin sarki. Nimrud da Nainawa su ne manyan gidajen tara kayan wasu na zamaninsu.

A 612 kafin miladiyya Babilawa da Mediyawa na yammacin Iran suka haɗa kai suka ci Nainawa. Ba su tsaya ga ƙonawa ba, sai da suka bi bango suna neman fuskar sarki. A hoton Lakish an farfashe fuskar Sennakerib, a hoton lambu an ɓata ta Ashurbanifal da ta matarsa, aka bar sauran. Sun gane abin da hoton yake nufi, suka ba shi amsa da irin harshensa. Wutar da suka cinna kuwa ta gasa allunan yumɓu na ɗakin karatu kamar tukunya a matoya, ta ƙara musu ƙarfi.

Daga nan shiru, sai 1842, lokacin da Paul-Émile Botta, ƙaramin jakadan Faransa a Mosul, ya fara tona tudun Nainawa. Bai sami abin kirki ba, sai wani mutumin ƙauye ya ba shi labarin duwatsu masu zane a Khorsabad, ya koma can a 1843 ya faɗa kan fadar Sargon na Biyu. Austen Henry Layard, Baturen Ingila, ya fara nasa a Nimrud a ƙarshen 1845, daga baya ya buɗe fadar Sennakerib, inda ya ƙiyasta tsawon bangon da ke da sassaƙe ya kusa kilomita 3. Na hannun damansa ɗan Mosul ne, Hormuzd Rassam, kuma shi ne a Disambar 1853 ya tono farautar zakin, da dare, a ɓangaren tudun da aka riga aka bar wa Faransawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yanayin aikin: tsere ne tsakanin dauloli biyu, kowacce na son cika gidan tarihinta, Louvre a Faris da Gidan Tarihin Birtaniya a Landan. Da izinin daular Usmaniyya ta Turkiyya, mai mulkin yankin a lokacin, aka fitar da kayan, gaskiya ne, amma izini ne daga Istanbul, ba a tambayi mutanen Mosul ba, kuma sai a 1884 daular ta yi dokar da ta hana fitarwa.

An yi ɓarna mai yawa a wannan tsere. Don a rage nauyi, an riƙa sa zarto ana rage kaurin alluna, wani lokaci a yanke kan hoto kawai a bar gangar jikin. Waɗanda aka buɗe aka ga ba su cancanci ɗauka ba aka bar su a fili, ruwa ya cinye. Mafi muni ya faru a watan Mayun 1855. Victor Place, magajin Botta, ya ɗora kayan shekaru a kan jirgi da gadon fito na itace da salkunan fata da aka hura, aka biyo Dijla za a kai Basra. Kusa da Kurna, inda Dijla ke haɗuwa da Furat, aka kai wa ayarin hari, akwatuna fiye da 200 suka nutse. Har yau suna ƙarƙashin laka.

Amma an yi riba da ba za a musa ba. Taruwar allunan a wuri ɗaya ta taimaka wajen warware rubutunsu mai kama da kan ƙusa. A 1872 George Smith, wanda asalinsa mai koyon zanen takardun kuɗi ne kafin ya koya wa kansa karatun, yana tantance gutsattsari a Landan sai ya ci karo da labarin wani mutum da aka umarta ya gina jirgi, aka yi ruwan ɗufana, jirgin ya tsaya kan dutse, ya saki tsuntsaye su dubo ko ƙasa ta bushe. Daga waɗannan alluna ne aka san maganinsu, da lissafin taurarinsu, da wasiƙun da gwamnoni da 'yan leƙen asiri ke aiko wa sarki.

Ganowa mafi daraja a ƙarni na 20 kuwa ɗan ƙasa ne ya yi ta. Tsakanin 1988 da 1990 Muzahim Mahmud Husain da abokan aikinsa na hukumar kayan tarihin Iraƙi suka gano kaburburan sarauniyoyi ƙarƙashin daɓen sashen mata na fadar Nimrud, inda Turawa suka yi ta zirga-zirga a kai ba su sani ba. Ɗaruruwan kayan ƙawa na zinariya: 'yan kunne, warwaro, mundayen ƙafa, da wani kambi mai ganyen inabi da nonnansa na shuɗin dutse suna reto. A kabarin Yaba, matar Tiglat-filesar na Uku, an sami allo ɗauke da la'ana ga duk wanda ya taɓa ta ko kayanta, cewa kurwarsa ta yi ta yawo cikin rana da ƙishirwa. Duniya ba ta gama jin labarin ba Saddam ya mamaye Kuwait a Agustan 1990. Aka kulle zinariyar a ɗakin ajiyar Babban Bankin Iraƙi, ba a sake ganinta ba sai a Yunin 2003, bayan an zuƙe ruwan da ya cika ɗakin. Ta tsira. Gidan tarihin Bagadaza bai tsira ba: a Afrilun wannan shekara, sojojin Amurka na cikin gari, aka wawashe kaya wajen 15,000. Cikinsu har da wani ɗan allon hauren giwa daga Nimrud mai ado da zinariya, zakanya ta danne wani saurayi Ba'afirke. Tagwaye ne, ɗayan na Landan, na Bagadaza kuwa ya yi ɓatan dabo.

Sai ƙungiyar IS. Ta kama Mosul a Yunin 2014, a Yuli ta tarwatsa masallacin Annabi Yunusa da ke kan ɗaya daga tuddan Nainawa. A Fabrairun 2015 ta saki bidiyon mutanenta suna farfasa gumaka a gidan tarihin Mosul, suna cin fuskar lamassun Ƙofar Nergal ta Nainawa da injin huda dutse. A Afrilu aka ga fadar Ashurnasirfal ta tashi da nakiya. Sun ce shirka suke kawarwa. Sai dai takardun ƙungiyar da aka kama a Siriya a 2015 sun nuna tana ba da lasisin haƙa tana karɓar kasonta, kuma da aka ƙwato gabashin Mosul a 2017 sai aka tarar sun haƙa ramuka ƙarƙashin masallacin da suka rusa, cikin wata fadar Assuriyawa da ke ƙasa. Abin da ya fi ƙarfin ɗauka a fasa a gaban kyamara, abin da zai shiga jaka a sayar. Kuma mutanen da ke kiran kansu Assuriyawa a yau, Kiristocin filin Nainawa masu magana da harshen Aramiya, su ma a Agustan 2014 aka kore su daga garuruwansu irin su Karakosh.

Bayan wannan ne muhawarar ta sake zafi. Wasu suka ce to ga shi nan, da Layard bai kwashe ba da yanzu babu komai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don farautar zaki tana nan lafiya a Landan, abin da aka bari a bangon Nimrud kuwa ya zama tsakuwa. Amma ni ban ɗauke ta hujja cikakkiya ba. Na farko, lissafin bai cika ba sai an sa da abin da ke ƙasan kogi a Kurna da abin da zarto ya ci. Na biyu, kwasar ce ta haifi kasuwa. Wani allon Nimrud da aka manta da shi a bangon kantin ɗalibai na makarantar Canford a Ingila, an shafe shi da farar ƙasa ana zaton kwafi ne, an sayar da shi fam miliyan 7.7 a 1994. Wani kuma ya tashi kusan dala miliyan 31 a New York a 2018. Manomin da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi bayan 1990 ya talauta, in ya ji irin wannan kuɗi, ba sai an nuna masa inda gatari yake ba. Mu ma mun ga haka a ƙasar Nok, yadda farashin Turai ya sa aka rarake gonaki. Na uku, rikicin da ya ba IS ƙofa bai rasa nasaba da mamayar da aka yi wa Iraƙi a 2003, wadda ƙasashen da ke taƙamar adanawa suka jagoranta. Ɗaya ɓangaren ma, masu cewa a mayar da komai gobe da safe, suna da tambayar da za su amsa game da tsaro da kuɗin kulawa, ko da yake Iraƙi ta sake buɗe gidan tarihinta tun 2015, kuma ta karɓo dubban kayan da aka sace daga Amurka a 2021.

In aka bi tarihin daki-daki, mai ajiyar da bai taɓa cin amana ba ƙasa ce. A 2022 masu gyaran Ƙofar Mashki ta Nainawa, wadda IS ta rusa, suka tarar da alluna takwas na zamanin Sennakerib a binne, zanen maharba da dabino da rumman da inabi garau kamar jiya aka gama, domin ɓangaren da ke cikin ƙasa ne ya tsira. A Khorsabad kuma akwai wani lamassu mai nauyin tan 18 da ɓarayi suka sare wa kai a shekarun 1990, suka yanyanka kan don ya yi sauƙin fitarwa. An kama kan, aka harhaɗa shi aka ajiye a Bagadaza, gangar jikin kuma aka mayar da ƙasa aka rufe, shi ya sa IS ta zo ta tafi ba ta taɓa shi ba. A Oktoban 2023 wata tawagar Iraƙawa da Faransawa ƙarƙashin Pascal Butterlin ta sake buɗe shi, gashin fuka-fukansa ɗaya bayan ɗaya a fili, kofatansa a kafe a bakin ƙofar da Sargon ya tsayar da shi shekara 2,700 da suka wuce. Kan yana Bagadaza, jikin yana Khorsabad, tsakaninsu tafiyar kilomita 400 da 'yan kai.